Randar Inna a Filin Saruk

In ka bar Madina ka kama hanyar Badr, daidai inda duwatsu ke fara matse titi, akwai wata 'yar hanya da ke ɓallewa ta dama. Ba allo, ba komai. Ka bi ta ka wuce gonakin dabino, za ka faɗa wani kwari mai faɗi, a tsakiyarsa dakalan siminti manya manya a shimfiɗe, duk iri ɗaya, kowanne ya isa a kafa ɗaki a kansa. Samarin yanzu suna zuwa da sanyi su gasa nama a kai, su ɗauki hoto. Suna ce wa wurin filin saruk, wato makami mai linzami da Larabci, saboda a nan sojoji suka girke makamai masu linzami lokacin yaƙin Kuwait. Ni ko ba da sunan filin saruk na fara saninsa ba. Na san shi yana wurin kiwon awakinmu, daga baya kuma ya zama inda aka binne Babana.

Baba mai hawan dabino ne. Daga ƙasar Damagaram suka zo aikin hajji shi da Inna, suka ƙi komawa, kamar yadda mutane da yawa suka yi. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kowa sai Allah. Wani Balarabe mai gona ya ɗauke shi, ya ba mu ɗakin bulo a bayan rijiya, a nan aka haife ni, a nan aka haifi ƙanena. Akwai Hausawa kaɗan a gonar, babbansu wani mutumin garinsu Baba da muke kira Baffa. Shi ne limaminmu, shi ne mai raba faɗa, shi ke shiga gaba in za a yi magana da mai gona, don ya fi kowa Larabci.

A ƙofar ɗakinmu akwai randar Inna. Ba wata randa ba ce ta a zo a gani, amma ruwanta sanyi kamar ƙanƙara, har ma'aikata kan biyo su sha. Ta taɓa tsagewa daga wuya, Inna ta kama faɗa da mu yara, Baba ya ce a ba shi. Ya zauna da ƙusa ya huda ƙananan ramuka gefe da gefen tsagar, ya ɗinke da jar waya da ya zaro daga wani mataccen injin ban ruwa, ya liƙe da siminti. Inna ta yi ta masa tsiya, wai ta auri mai hawan dabino ashe tela ne. Ya ce tela ma na manya, mai ɗinkin ƙasa.

Ina da kamar shekara goma aka shiga yankan dabino, zafi na dukan mutum har cikin ƙashi. Da hantsi igiyar da yake ɗaurawa a ƙugu ta tsinke. Ban ga faɗuwarsa ba, ƙarar na ji, sai na ga maza na gudu. Kafin azahar rai ya yi halinsa.

To daga nan ne abin ya fara lalacewa. Mutumin da ya mutu a kusa da Madina, burin kowa a kai shi masallacin Annabi a yi masa salla, a sa shi a maƙabartar Baƙi'a. Don haka ma da yawa suka ƙi komawa gida. Amma kai gawa gari sai da takarda, takarda kuma sai an tambayi iƙama, in an tambaya mai gona ya shiga uku, mu kuma a kwashe mu a jirgi. Na ga mai gona yana kai da komowa yana share gumi da ƙyallen kansa. Na ji Baffa yana ce wa Inna ta bayan labule, "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Ƙasar Allah duk ɗaya ce. In muka kai shi gari, ke da yaran nan ba za ku kwana a ƙasar nan ba."

Sai ya ƙara da cewa, "Randar nan za ki ba mu."

A nan Larabawa da tubalin laka suke rufe ƙaramin ramin ciki, inda ake kwantar da mamaci, kafin a tura ƙasa. Mu babu tubali, babu lokacin yi, itace kuma sai ganyen dabino. Baffa ya ce za a yi irin na gida: a fasa randa, a jera manyan ɓallayen a bakin ƙaramin ramin, su tare ƙasa kada ta sauka a kan gawa, sannan a cike babban ramin. A gabana ya tuntsurar da ruwan, ya sa gatari ya tsaga ta. Na tambaye shi ko a saman kabarin za a ɗora don a gane wurin. Ya ce, "A'a, 'yata. Can ciki za su zauna, dab da shi. Ba mai sake ganinsu sai tashin ƙiyama." Ya tattara har da ɓallin mai ɗinkin waya, suka tafi da Baba a bayan motar ɗaukar dabino. Mata ba sa bin gawa, muka tsaya a ƙofa muna kallon ƙura.

Da suka dawo Baffa ya kwatanta wa Inna wurin. Cikin kwarin kiwo, gabas da wata farar ƙaya mai rassa biyu, inda dutse ke jefa inuwa da la'asar. Ya ce sun jibga ƙaya a kai saboda karnuka. Ya ce, "Ki gama takaba, da kaina zan kai ki ki yi masa addu'a."

Inna kuwa ta yi takaba irin ta gida, ba sassauci. Wata huɗu da kwana goma ba ta taka bakin ƙofa ba sai don kewayawa. Zane ɗaya, kai a rufe, murya ƙasa ƙasa, 'yar wuƙa a kusa da ita. Matan gona suna sa mata ido, ita ma tana sa wa kanta. Tafiyar da ba ta fi a sha shayi a tashi ba ke tsakaninta da kabarin mijinta, amma ta zauna tana jira, don haka ta ga uwarta ta yi.

Tana cikin takabar labarin yaƙi ya cika rediyo. Sai ga manyan motoci suna shigowa ta 'yar hanyarmu, a jere, suna karya rassan dabino. Aka ce kowa ya kwashe awakinsa daga kwari. Ni na je koro namu, da idona na ga katafila tana tura farar ƙayar nan kamar tsinke. Baffa na tsaye a gefe, hannu a baya. Na ja rigarsa na ce, "Baffa, ka gaya musu! Baba na nan!" Ya damƙe min baki da tafin hannunsa har leɓena ya fashe. Ya ce, "Rufe min baki, ko so kike a ce mun kashe mutum mun ɓoye?"

Wallahi na tsani mutumin nan a ranar, kuma na daɗe ina tsanarsa. Yanzu da na girma na san tsoro ne, tsoro mai dalili ma. Amma sani daban, hucewa daban, ni dai ban huce da wuri ba.

Ranar da Inna ta fita takaba ta yi wanka, ta sa turare, ta goya ƙanena, ta ce mu je. Ba wanda ya gaya mata komai, duk an ɓoye mata, ni ma an ja min kunne. Muka tafi har muka ci karo da waya mai ƙaya, ta fi mutum tsawo, ta zagaye kwarin kaf. Daga ciki an baje ƙasa, an zuba siminti, an kafa waɗansu dogayen akwatuna a kan motoci, bakinsu na kallon sama. Wani soja matashi ya taso yana ɗaga hannu. "Mamnu'u, ya hajja, mamnu'u." Hani ne, ba shiga. Bai yi mana tsawa ba, har ruwa ya miƙa mana. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu, ƙayar na shiga tafinta, tana ta duba inda farar ƙaya take. Ta juyo ta ce min, "Ke, kin sani?" Na ce eh. Ba ta dake ni ba, ni ko da ta dake ni da na fi so.

Shekaru bayan haka wata malama a Madina tana wa mata karatu ta ce ai mai takaba na iya fita da rana in da buƙata. Ina zaune kusa da Inna. Ta miƙe ta ɗauki takalmanta ta fita, ba ta sake komawa karatun ba.

Ko an harba saruk ɗin a kan abokan gaba, oho. Mu dai ba mu taɓa ganin abokin gaba ba. Amma wata rana da la'asar an harba, waɗansu suka ce gwaji ne. Ƙasa ta girgiza, kwanoni suka zubo, awaki suka tsinke igiya, wani farin hayaƙi ya miƙe sama kamar an ja zare. Kowa ya kwanta rub da ciki yana salati. Inna kaɗai ke tsaye a ƙofa. Ta ce, "A kansa suke yi." Da ta faɗi haka sai ta koma ciki ta ci gaba da tankaɗe.

Yaƙi ya ƙare, motocin suka tafi, wayar ta zauna, da mai gadi. Mu ma muka bar gonar, don mai gona ya kawo wani mai hawa, yana buƙatar ɗakin. Muka shigo gari. Inna ta yi wanke wanke a gidajen alhazai, ta sayar da gyaɗa da turare a wajen masallacin Ƙiblatain tana gudun 'yan baladiya masu kamen talla, har Allah ya haɗa ta da wata mata da ta tsaya mana aka yi takardu. Muka samu ɗaki a unguwar Aƙiƙ. Na yi aure, na haihu, aurena ya mutu, na dawo gabanta. Ƙanena ya tashi ɗan Madina sosai, ka yi masa Hausa ya amsa maka da Larabci, tuwo ma sai an roƙe shi. Duk tsawon wannan lokaci, in Inna ta ji wani ya fito daga Badr, ko direba ne ko mai kawo dabino, tambayarta ɗaya ce: "Wayar nan tana nan?" Ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, kamar yadda ba ta kiran nawa don ni ce 'yar fari. Sai dai ta ce "mutumin nan na kwari".

Ta riga ta fara dogara sanda lokacin da wani direba ya ce mata ai an daɗe da janye mai gadi, masu gwangwan sun kwashe wayar. A daren ma ba ta ci abinci ba. Washegari ta sa ƙanena ya aro mota, ta ce a nemo Baffa duk inda yake. Muka same shi a gidan ɗansa, ya tsufa tukuf, ido ɗaya ya yi fari. Na gaishe shi sama sama. Ya ce, "Har yanzu fushi kike, 'yata?" Na ce, "Shiga mota, Baffa, rana na yi."

Muka isa kwarin. Babu farar ƙaya, wannan na sani. Amma har dutsen da ke jefa inuwa an yanke masa gefe an yi hanya. Dakalan nan ne kawai, da guntayen ƙarfe a jikinsu, da kashin awaki, da gwangwanayen lemo, da baƙin sawun taya inda samari ke wasa da mota. Can gefe wani dogon tudun ƙasa, wadda katafila ta tura lokacin da ake baje wurin.

Ƙanena ya riƙe Baffa suna zagayawa. Ya tsaya nan, ya juya gabas, ya girgiza kai, ya koma can. Inna na biye da shi. Can ya nuna wani dakali ya ce, "Ina jin nan ne."

Inna ta ce, "Kana ji, Yaya, ko ka sani?"

Ya ce, "Allah ne ya sani."

Na buɗe baki zan zazzage masa abin da na tara tun ina yarinya, Inna ta ɗaga min sanda. Ta cire takalmi, a kan simintin nan mai zafi, ta tsaya a bakin dakalin ta yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, ta yi addu'a. Ta gama ta taka zuwa na gaba, ta sake sallama. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Inna, ƙafarki za ta sale." Ta ce, "Ba ruwanki. Ko a wanne yake, ya ji ni."

A lokacin na ga fuskarta ta saki, abin da na daɗe ban gani ba. Da mun shiga mota a nan mun tafi, da ta mutu da sauƙin zuciya. Amma ƙanena ya gaji da tsayuwa, ya hau tudun ƙasar nan yana tona da ƙafa. Sai muka ji ihunsa. "Ya ummi! Lagaitu, na samu!" Ya gangaro da gudu, ƙato da shi, yana dariya kamar yaro. A hannunsa ɓallin randa ne, faɗin tafi, da ƙananan ramuka a jere, da waya a ciki ta yi kore. Tun yana ƙarami yake jin labarin randar da Baba ya ɗinke. Ya ce, "Ga alamar! A nan kabarin yake, ba a ƙarƙashin siminti ba. Alhamdu lillahi, ya ummi, ki yi murna!"

Bai sani ba, bawan Allah. Yana goye aka binne Baba, bai taɓa ganin yadda ake rufe kabari a gida ba, ya ɗauka a sama ake ɗora ɓallayen don shaida. Mu uku muka sani. Abin da aka jera a can ciki, dab da gawa, ba ya fitowa saman tudu sai in haƙorin katafila ya kai har inda gawar take.

Baffa ya laluba ɓallin da yatsu, ya ji wayar, ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "Ramin bai yi zurfi ba. Sauri muke, ƙasar kuma dutse ce." Ya fashe da kuka irin na tsofaffi, marar hawaye. Ban taɓa zaton zan ji tausayinsa ba, amma na ji. Ƙanena na ta kallonmu yana cewa, "Esh fi? Mene ne?" Na daka masa tsawa na ce ya rufe mana baki, alhali ba laifinsa.

Inna ta karɓi ɓallin ta goge shi da bakin mayafinta. Ta dubi tudun daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta dubi kwarin. Ta ce, "Ashe duk wurin nan shi ne." Ta ƙulle ɓallin a haɓar zane, ta ce mu tafi gida.

Tun daga ranar maganarta ta zama ɗaya. In ta mutu a kai ta kwari. Ba ta zaɓi wuri ba, ta ce ko'ina aka haƙa daidai ne. Ƙanena ya yi ta lallashinta, ya ce hukuma ba za ta bari ba, kuma wa ke ƙin Baƙi'a, inda mutane ke sayar da gonakinsu a gida don su zo su mutu kusa da ita? Ta ce, "Shi ma don ita ya zauna. Bai samu ba, ni in samu in bar shi da awaki?" Maƙwabta suka ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Tsufan me! Hankalinta ya fi nasu. Ta kama hannuna tana ciwon ƙarshe ta ce, "Ke ce mai baki a gidan nan. Ki tsaya min." Na ce zan tsaya.

Na tsaya, amma tsayuwata ba ta hana komai ba. A asibiti ta cika, da takardunta cif, abin da Baba bai samu ba. Na yi faɗa da ƙanena a gaban mutane har muryata ta dushe, yana kuka yana cewa ko ya yarda ba mai ba mu gawar mu kai jeji. Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani. Ni da wata mai wankan gawa muka wanke ta. Na zaro ɓallin randar zan tura cikin likkafani, matar ta riƙe min hannu a hankali ta ce, "La, ya binti, ba a sa komai." Na mayar da shi jakata.

Aka yi mata salla a masallacin Annabi bayan la'asar, maza suka ɗauke ta da sauri suka shige Baƙi'a. Mata ba sa shiga. Na tsaya a waje na riƙe ƙarfen shingen da hannu biyu, ina leƙen inda za su ajiye ta, cunkoso ya rufe, ban gani ba. Ƙanena ya fito ya ce can ciki ne, wajen tsakiya, kaburburan duk iri ɗaya. Masu gaisuwa suka cika ɗakinmu, kowa na cewa, "Kai, Hajiya ta dace! Baƙi'a! Allah ya ba mu irin tata." Ina ta amsawa da amin.

Bayan an share makoki na sa ƙanena ya kai ni kwari. Da safe ne, wasu samari sun kwana sun bar toka da ƙasusuwan kaza a kan dakali ɗaya, na share da ƙafa. Ya zauna a mota, ya ce ba zai iya ba. Na cire takalmi na bi dakalan ɗaya bayan ɗaya ina sallama kamar yadda ta yi. Sannan na hau tudun, na tona rami da hannu iya zurfin da farcena ya iya, na sa ɓallin randar, na mayar da ƙasa na danna.

Na ce, "Baba, ni ce. Inna ta ce a kawo ta, ba a bari ba. Kada ka jira ta."